Kwamfuta a cikin Hilux ɗin Yaya: wane furosesa, wane faranti?

Wani matashi daga Tawa ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata raba magungunan dabbobi ga masu shaguna a kasuwannin mako na jiharmu, daga Badagishiri zuwa Abalak, wani lokaci har Cintabaradan, a cikin Hilux ɗin yayana mai shan gazuwal. Lissafin kaya da na bashi duk yana cikin wata manhaja da ba ta aiki sai a Windows, kuma kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta mutu a zafin bara saboda yawan barinta a mota. Ina so in kafa kwamfuta a cikin motar dindindin, ta riƙe mini lissafi, ta buga rasit, ta nuna taswira inda babu rezo, ta kuma karanta lafiyar inji. Wani abokina a Yamai yana so ya sayar mini da tsohuwar kwamfutar tebur mai Core i5-3470 tare da inbata a kan farashi mai sauƙi, wani kuma ya ce in sayi Raspberry Pi. Yaya kuwa ya ce kada in kuskura in taɓa masa wayar mota ko ɗaya. Kuɗin da na tara ba su da yawa, ba na so in yi asara sau biyu, kuma ba na so mu ɓata da Yaya. Wane furosesa da wane faranti, wato kart-mer, ya kamata in nema?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna, sannan in warware ta. Kada ka sayi kwamfutar teburin abokinka, kada kuma ka sayi Raspberry Pi domin wannan aikin. Ka nemi ƙaramin faranti, wato shimfiɗar da dukkan sassan kwamfuta suke haɗuwa a kanta, wanda aka manne masa furosesa (guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi) mai cin wuta kaɗan tun daga masana'anta, irin Intel N100 ko wani daga danginsa, wanda yake huce zafinsa ba tare da fanka ba, ka haɗa shi da na'urar ba da wuta wadda aka ƙera musamman domin mota. A cikin mota ba saurin furosesa ake fara tambaya ba; zafi da ƙura da halin wutar batir su ne suke yanke hukunci, furosesa kuwa sai wanda ya iya zama da su ukun. Tsoron da Yaya yake ji kuma yana da tushe, kuma zan nuna maka yadda za ka kawar da shi da aiki mai tsabta maimakon gardama.

Maganar Raspberry Pi ba ta da tsawo. Na'ura ce mai kyau, ƙarama, mai ƙarancin cin wuta, amma furosesanta na tsarin ARM ne, wanda ya bambanta da na Intel da AMD, kuma Linux, ba Windows ba, aka gina ta ta ɗauka. Manhajarka ta lissafi an rubuta ta ne domin Windows a kan furosesa irin na Intel da AMD, saboda haka duk dabarar da za a yi a tilasta mata zama a kan Pi wahala ce da ba ta dace da mutumin da bashin jama'a yake cikin na'urarsa ba. Da a ce taswira da sauraren karatu ko waƙa kaɗai kake so, da ma sai in ce ka manta da kwamfuta baki ɗaya, domin wayar Android da aka sauke mata taswirar Nijar a OsmAnd ko Organic Maps tana nuna hanya ba tare da rezo ba, kuma ta fi duk abin da za ka haɗa a Windows sauƙin amfani. Ina ba ka shawara ma ka bar wa wayarka wannan aikin. Lissafin da rasit su ne suka wajabta maka kwamfuta, su ne kuma za mu auna komai da su.

Tayin abokinka shi ne ya fi jan hankali, shi ne kuma ya fi haɗari ga aljihunka. Core i5-3470 ya fito a 2012, kuma Intel ta ƙiyasta masa zafin wat 77, alhali N100 da ya fito a farkon 2023 wat 6 aka rubuta masa, ga shi kuma a aikin ofis irin naka suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Kwamfutar tebur ba ta shan wutar batir kai tsaye, dole sai inbata ta ɗaga volt 12 zuwa volt 220 na gida, sannan na'urar ba da wutar da ke cikin kwamfutar ta sake sauke shi zuwa volt 12 da 5 da 3.3. Lamarin kamar na wanda ya canja sefa zuwa naira a Ƙonni ne, ya juyo ya sake mayar da ita sefa a wuni guda: a kowane juyi ɗan canji yana cire nasa. Abin da inbata ta cire kuwa ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa a cikin motar, ban da ƙugin da inbata mai araha take sakawa a lasifika.

Mu yi lissafin ranar kasuwa, inda inji yake kashe kana zaune kana karɓar kuɗi na awa shida. Kwamfutar tebur da allonta, idan aka haɗa da asarar inbata, a ƙiyasi za su ja abin da ya kai amfiya 7, wato kusan Ah 42 a cikin awa shidan, Ah kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka. Idan batirinku na Ah 70 ne, kamar yadda za ka gani a rubuce a jikinsa, ka cinye fiye da rabinsa ke nan, kuma batirin tayar da mota ba a ƙera shi domin a riƙa zuƙe shi haka ba. Injin gazuwal, wanda yake buƙatar ƙarfi sosai kafin ya juya, zai iya ƙin tashi da la'asar a bayan Abalak, inda samun wanda zai ara maka batir ba ƙaramin aiki ba ne. Faranti mai N100 da ƙaramin allo na inci 10 kuwa abin da za su ja bai wuce amfiya ɗaya da rabi ba a irin wannan aikin, kimanin Ah 9 a wuni. Akwai kuma wata matsala ta daban: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar furosesan Core da ya girmi ƙarni na takwas, in ban da ƴan kaɗan na ƙarni na bakwai, naka kuwa na ƙarni na uku ne. Ka gode wa abokinka, ka ce masa ta fi dacewa da shago.

Yanzu sai zafi, wanda shi ne ya kashe maka kwamfutar farko. Ka fi ni sanin Adar a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40 a inuwa kusan kullum. Motar da aka rufe a rana cikinta yana wuce digiri 60, saman tablo kuwa, wato gaban mota ƙarƙashin gilashi, ya fi haka, har hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Kowane wat da kwamfuta ta ci zafi yake zama, kuma ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa ba ya iya sanyaya shi ƙasa da iskar da ke kewaye da shi. Idan iskar tana digiri 50, daga nan lissafi yake farawa. Furosesan zamani ba ya ƙonewa da sauƙi, domin idan ya kusanci digiri 100 yana rage gudunsa da kansa, in abin ya ƙi ya kashe kansa. Waɗanda suke mutuwa a ɓoye su ne ƙananan sassan da ke kewaye da shi, musamman kafasito, wato ƴan sassan da ke tara wuta, masu ruwa a ciki, waɗanda masu ƙera su suke lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage musu rabin kwana. Shi ya sa furosesa mai wat 6 ya fi mai wat 77 a wurinka ko da na biyun kyauta aka ba ka: ba ya ƙara wa maƙwabtansa zafi a kan wanda rana ta riga ta kawo.

Ƙura ita ce ta sa na ce ban da fanka. Fanka iska take zuƙa, iskar hunturu da ta hanyar jar ƙasa kuwa gari ce, kuma cikin ƴan watanni za ka buɗe akwatin ka tarar da haƙoran ƙarfen sanyaya sun toshe da wata tabarmar ƙura mai kauri, fankar tana kuka ko ta tsaya cak ba ka sani ba. Sai dai a nan akwai tarkon da mutane da yawa suke faɗawa. Farantin da aka ce ba ya buƙatar fanka, wanda aka yi domin gida ko ofis, an ƙera shi ne da tunanin cewa yana ɗaki mai iska. Idan ka kulle shi a akwatin roba ko na katako a ƙarƙashin kujera, zafinsa ba shi da mafita. Abin da ya dace shi ne akwatin alminiyum mai haƙora a bayansa, wanda aka haɗa jikinsa da furosesa kai tsaye, har akwatin kansa ya zama shi ne abin sanyayawa, ba shi da ƙofar da ƙura za ta shiga. Irin wannan akwati idan ka taɓa shi ka ji ya yi ɗumi sosai, aikinsa yake yi.

A cikin dangin furosesan da nake nufi, N100 mai ƙwaya huɗu, wato sassan lissafi huɗu a cikinsa, shi ne na fi natsuwa da shi, ko N150 da ya biyo bayansa da ɗan ƙarin gudu a kan wat 6 ɗin. Za ka ci karo da N95 a cikin ƙananan kwamfutoci masu araha, kuma lambarsa tana sa a ɗauka ya fi N100 ƙarancin ci, alhali wat 15 ne. N97 wat 12 ne kuma ana yawan samunsa a farantan masana'antu, ba laifi idan akwatin mai kyau ne. Core i3-N305 mai ƙwaya takwas ƙarfi ne da lissafin magani da rasit ba za su taɓa amfani da shi ba. Daga cikin tsofaffi, Celeron J4125 na 2019 mai wat 10 zai yi maka aiki kuma Windows 11 tana karɓarsa, amma J1900 na 2013, wanda har yanzu ake tallarsa a cikin akwatuna masu kyan gani, ka bar shi. Ka sani kuma lambar wat 6 ta furosesa ce kaɗai a aikin yau da kullum. Kwamfutar gaba ɗayanta takan ci kusan wat 10 tana zaune, ta kai 25 idan aka matsa mata, kuma da wannan babban adadin ake zaɓen na'urar wuta. Kasancewar furosesan a manne yake, ba a cire shi, alheri ne a hanya mai gargada, domin babu katon ƙarfe mai nauyi da zai riƙa jijjiga faranti har ya tsage.

Game da girman faranti, wanda ya fi yaɗuwa shi ne Mini-ITX, mai santimita 17 a kowane gefe, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya fito da shi a 2001. Akwai waɗanda suka fi shi ƙanƙanta, kamar na masana'antu da ake kira na inci uku da rabi, mai kimanin santimita 14.6 da 10.2, da Pico-ITX mai 10 da 7.2. Mutane sukan so cusa farantin a ramin rediyon mota, wanda babbansa faɗin santimita 18 ne da tsayin 10, amma ban ba ka wannan shawarar ba, domin cikin tablo yana daga wuraren da suka fi zafi a mota. Allo kaɗai ya hau tablo. Kwamfutar ta sauka ƙarƙashin kujerar fasinja ko bayan kujerar baya, a ɗaure da kusoshi a kan roba mai kauri, a ɗage ta daga ƙasa saboda ruwan damina da na masu wankin mota, a kuma nesanta ta daga wurin da bututun hayaƙi yake bi ta ƙasa. Da yake wurin ya wadatar, ƙanƙanta ba ta da amfanin da za ka biya kuɗi a kanta. Misalan Mini-ITX masu N100 marasa fanka da aka sani su ne ASUS Prime N100I-D D4, wanda yake karɓar wuta ta babban soket na ATX mai ƙafa 24, irin na kwamfutar tebur, da ASRock N100DC-ITX, wanda yake shan volt 19 ta rami ɗaya irin na kwamfutar tafi-da-gidanka. Na masana'antu kuwa, irin na Advantech da AAEON da Jetway, sun fi tsada kuma sun fi juriya.

Kafin ka biya kuɗin kowane faranti, ka nemi takardar bayaninsa a shafin kamfanin ka duba iyakar zafin da aka yarda ya yi aiki a ciki. Na gida da ofis sau da yawa iyakarsu digiri 40 ne ko 50, na masana'antu sukan kai 60 ko 70, wasu har 85. Idan aljihu ya kai, mai 60 zuwa sama ka ɗauka. Idan bai kai ba, na gidan zai yi, da sharaɗin kada ka kunna shi a motar da ta wuni a rana sai ka buɗe ƙofofi iska ta ratsa, kuma ranar kasuwa ka nemi inuwa ko ka shimfiɗa tabarma a gilashin gaba. Ka ƙirga ramukan USB da yatsa: allon taɓawa, na'urar buga rasit, madannai, na'urar karanta inji, makullin USB na adana bayanai, ga biyar nan tun ba a je ko'ina ba. Ka tabbata kuma farantin yana da ƴan ƙafafun nan biyu da ake haɗa maɓallin kunnawa da su, domin ta nan na'urar wutar mota za ta riƙa kunna shi tana kashewa.

Na'urar wutar ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne bai kamata ka yi rowa ba. Wutar mota sunanta volt 12, amma ba ta tsayawa a 12. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan 12.6, idan inji yana aiki altanata tana ɗaga shi zuwa wajen 14, a daƙiƙar da aka murɗa makulli don tayar da inji kuwa yakan faɗi zuwa 9, idan batirin ya tsufa ma ya yi ƙasa da haka. Kwamfutar da ba ta da kariya a wannan daƙiƙar take mutuwa ta sake tashi, kuma idan rasit kake rubutawa, ko ma'ajiyar lissafinka tana buɗe, za ka iya rasa fiye da rasit ɗin. Mafi muni shi ne abin da muke gani a garejinmu kullum: mai gyaran wuta ya cire kan batir inji yana aiki domin ya ga ko altanata tana caji, ko a tayar da mota da batirin aro a zare shi tana kunne. A wannan lokacin wutar takan yi tsalle na ƙiftawar ido ta haura volt 35, a tsofaffin altanata ma ta wuce haka nesa, kuma faranti ba ya buƙatar fiye da sau ɗaya.

Idan farantinka mai soket na ATX ne, akwai na'urorin da aka yi domin wannan, irin M3-ATX da M4-ATX na kamfanin Mini-Box na Amurka. Ta farkon tana karɓar daga volt 6 zuwa 24, ta biyun daga 6 zuwa 30, suna fitar da wuta daidaitacciya ko inji yana tashi. Ka yi hattara da picoPSU ta yau da kullum mai volt 12, wadda kamfanin ɗaya ne ya yi ta kuma ta yi kama da su a ido, domin ita volt 12 ɗin da aka ba ta take miƙawa yadda ya zo, ta gida ce. Idan farantinka mai volt 19 ne, za ka buƙaci na'ura mai ɗagawa da saukewa wadda take karɓar wuta tun daga ƙasa sosai. Farantan masana'antu da yawa an rubuta musu volt 9 zuwa 36, abin da ya dace har da kamiyo mai volt 24, sai dai tara ɗin nan yana bakin iyaka ga Hilux mai tsohon batir, saboda haka ka sa a auna maka da mita yadda wutarku take faɗuwa lokacin tashi kafin ka dogara da shi.

Amfanin na'urar wutar mota bai tsaya a daidaitawa ba. Tana da waya ta uku, siririya, da ake haɗawa da layin kontak. Idan ka murɗa makulli sai ta jira ƴan daƙiƙu ta kunna kwamfutar, idan ka kashe sai ta aika wa Windows saƙon rufewa kamar ka danna maɓalli da hannunka, ta jira ta gama, sannan ta yanke wutar gaba ɗaya domin kada wani abu ya kwana yana tsotsar batir. Tana kuma lura da batirin, idan ya sauka wajen volt 11 ta kashe komai. Saboda kana aiki inji a kashe, ka sa mai wuta ya ƙara maka ƙaramin maɓalli a kan wannan siririyar wayar, wanda zai ba ka damar kunna kwamfutar ba tare da barin makulli a kontak ba. Idan aikin kasuwa ya ƙaru har kana wuni cur, ƙaramin batir na biyu da na'urar da ke raba shi da na inji shi ne mataki na gaba, amma ba na yau ba ne.

Wannan ya kawo mu ga Yaya. Mota tasa ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin motar da ta kama wuta saboda wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ba zai zarge shi ba. Kada ka je masa da sunayen furosesa. Ka je masa da alkawari huɗu da zai iya dubawa da idonsa. Ba za a yanke wayar mota ko ɗaya ba: wutar za ta fito kai tsaye daga batir ta sabuwar waya mai kaurin milimita 2.5, layin kontak kuma a ɗauke shi daga akwatin fiyus da ɗan soket da ake cusawa a zare. Za a sa fiyus na amfiya 10 a kan sabuwar wayar, nesansa da kan batir bai wuce taƙi ɗaya ba, domin idan ta goge da ƙarfe a wani wuri fiyus ɗin ya tsinke kafin roba ta narke. Wayar za ta ratsa bangon inji ta ramin da ke da zoben roba, a cikin bututun kariya. Mai gyaran wutar da shi Yaya ya amince da shi ne zai yi aikin, a gabansa in ya so. Ka ƙara masa da cewa idan batir ya mutu kafin lokacinsa kai za ka saya, kuma duk ranar da mota za ta shiga gareji ko wurin mai walda kai da kanka za ka zare fiyus ɗin. Idan bayan wannan ya ce a'a, ka haƙura ka haɗa kwamfutar a akwati mai nata batirin, ka riƙa caji a gida. Duk abin da na faɗa game da furosesa da faranti yana nan daram.

Sauran kayan ba su da wuyar zaɓe. Ma'ajiya ta zama SSD, wadda babu abin da ke juyawa a cikinta, domin tsohon faifai mai juyawa ba ya jure gargadar hanya. Gigabait 256 ya ishe ka. Ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, gigabait 8 ta wadatar, kuma N100 a hukumance 16 ce iyakarsa, ka tabbata ta zauna daram a maƙallanta. Allon ya zama mai haske sosai, domin na gida mai nit 250 (nit shi ne ma'aunin hasken allo) ba a ganin komai a kansa da rana tsaka, mai 800 zuwa 1000 ne ake iya karantawa. Wayar HDMI kuma takan zame da jijjiga, sai a ɗaure ta. Idan za ka sa kyamarar baya, a haɗa ta da allon kai tsaye, kada ta bi ta kwamfuta, domin ba za ka zauna kana jiran Windows ta tashi kafin ka ja da baya a cikin cunkoson kasuwa ba. Ko da wace irin kwamfuta ka haɗa, kowane dare ka kwafi lissafinka a makullin USB da zai kwana a aljihunka.

Batun karanta lafiyar inji kuwa, kada ka sa rai da yawa kafin ka gwada. Tsarin OBD-II, wanda ta hanyarsa ake karanta bayanan inji, ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai daga 2001 ga masu fetur da 2004 ga masu gazuwal, amma Hilux ɗin da aka ƙera domin kasuwannin Afirka ko Gabas ta Tsakiya, musamman tsofaffi, ba lallai ne su amsa wa ƴar na'urar karanta inji ta ELM327 da ake sayarwa ba, ko da akwai soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka ari ɗaya a wurin mai gyara ka gwada da wayarka tukuna. Idan ta yi aiki, ka riƙa zare ta da dare, domin wannan soket ɗin wutarsa ba ta yankewa ko an cire makulli.

Idan kuɗin sabon faranti da akwatin alminiyum sun fi ƙarfinka, akwai hanya ta tsakiya da nake ganin ta fi tayin abokinka nesa ba kusa ba. Kamfanoni a Turai da Amurka suna daina amfani da ƙananan kwamfutocin ofis marasa fanka da yawa, irin Dell Wyse 5070 da Fujitsu Futro S740, masu furosesa J4105 ko J5005 na wat 10, kuma sukan shigo cikin kayan gwanjo. Ka sa a duba maka a shagunan kwamfuta na Yamai, ko ka ba wa ɗan kasuwar da ke sayayya a waje lambar a rubuce. Ba a yi su domin zafin mota ba, saboda haka ƙa'idar inuwa da buɗe ƙofa ta fi wajaba a kansu, kuma na Dell suna son caja ta Dell, in ba haka ba sukan rage gudu. A irinsu sai a shiga BIOS, wato saitin farantin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a saita su su kunna kansu da zarar wuta ta zo, kai kuma ka riƙa rufe Windows da hannunka kafin ka yanke wutar.

Duk wanda ka zaɓa, kada a huda mota sai ka gwada. Ka fara haɗa komai a kan tebur a gida, ka sa manhajarka da na'urar rasit su yi mako suna aiki. Sannan ka ɗora akwatin a mota ba tare da ɗaurewa ba, da wayar wucin gadi mai fiyus, ka sauke manhajar kyauta irin HWiNFO mai nuna zafin furosesa da na SSD, ka fita da shi ranar kasuwa mai zafi. Ka tayar da inji sau biyu ko uku kwamfutar tana kunne ka ga ko za ta ɗauke. Idan da azahar furosesa yana zaune ƙasa da digiri 85 kuma SSD ƙasa da 65, wurin ya yi, a ɗaure. Idan sun haura, ka canja masa mazauni zuwa inda iska ta fi ratsawa, ka sake aunawa a kasuwar mako mai zuwa.